Abin da na gani a farantin gwajin Kawu

A cikin hunturun da ya wuce na raka ƙanen mahaifiyata asibiti saboda ciwon mafitsara da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kawu tsohon direban babbar mota ne, ya haura shekara sittin da biyar, kuma yana cikin mutanen da ba su yarda da zuwa asibiti ba sai abu ya kai intaha. Ya yi kusan wata biyu yana fama da zafin fitsari da zazzaɓin da kan rufe shi da yamma, kuma a tsawon wannan lokaci babu kemis ɗin da bai leƙa ba a unguwarsu. Da likita ta tambaye shi ko ya sha wani magani, sai ya zaro baƙar leda daga aljihu ya zazzage ta a kan tebur. Na ƙirga fankon katin magani har iri biyar: akwai kafso mai ja da baƙi, akwai mai ja da rawaya, akwai Septrin, akwai Flagyl, akwai kuma sifrofuloksasin da mutane ke kira sifro. Babu ko ɗaya da ya sha fiye da kwana uku, domin da zarar ya ji dama-dama sai ya ajiye, idan ciwon ya dawo kuma sai ya ce wancan ba shi da ƙarfi, a canza masa wani.

Likitar ta daɗe tana jujjuya katunan kafin ta ɗago kai ta ce, "Baba, yau ba zan rubuta maka na shida da ka ba. Za mu ɗauki fitsarinka a shuka shi a ɗakin gwaji, mu ga ko wace ƙwaya ce, mu kuma ga wane magani ne har yanzu yake cinta." Kawu bai ji daɗin wannan magana ba, domin a ganinsa ya yanki kati, ya bi layi tun da sassafe, amma an sallame shi da 'yar kwalbar fitsari da maganin sauke zazzaɓi kawai. Har muka isa gida yana mita.

Bayan kwana uku ni na koma karɓo sakamako. Da yake ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma na shekara goma sha ina zana wa ɗalibai wannan gwaji a kan allo ba tare da na taɓa ganinsa da idona ba, sai na roƙi ma'aikacin ɗakin gwajin ya nuna mini farantin. Ya yarda, amma bai buɗe murfin ba, ya ɗaga shi ne kawai wajen haske daga bayan gilashi. Faranti ne ɗan ƙarami na roba mai haske, bai fi tafin hannu ba, a cikinsa akwai wani abu daskararre mai launin zuma wanda shi ne abincin ƙwayoyin. A samansa ƙwayoyin sun shimfiɗu sun rufe ko'ina kamar yanar da kan kwanta a kan kunu idan ya huce. An jera 'yan ƙananan takardu zagayayyu guda takwas a kai, kowacce ba ta kai girman maɓallin riga ba, kuma kowacce an jiƙa ta da magani iri guda. A gefen guda biyu akwai fili fetal, kamar an bi da tsintsiya an share, domin maganin ya tsattsafo ya hana ƙwayoyin tsirowa. Sauran shidan kuwa ƙwayoyin sun taho har jikin takardar, sun kewaye ta kamar babu komai a wurin. Ma'aikacin ya nuna mini ɗaya daga cikinsu da bakin biro ya ce, "Malam, ka ga wannan? Sifro ne. Da ruwa ya sha da shi duk ɗaya."

A takardar sakamakon an rubuta sunan ƙwayar, E. coli, sannan aka jera magunguna takwas, shida da harafin R a gabansu, ma'ana ƙwayar ta bijire musu, biyu kuma da harafin S, ma'ana suna cinta. Daga cikin biyun nan ma likita ta ajiye ɗaya, domin aikinsa a cikin mafitsara kaɗai yake, alhali zazzaɓin Kawu ya nuna cewa ciwon ya wuce nan. Abin da ya rage shi ne allurar amikasin, wadda sai da aka auna lafiyar ƙodarsa kafin a fara, domin tana iya taɓa ƙoda da ji. Ciwon da a farko ƙwayar magani mai sauƙin kuɗi za ta iya gamawa da shi cikin 'yan kwanaki ya kai mu ga kwanciya a gadon asibiti.

Tun daga ranar nake tunani a kan yadda muke mu'amala da waɗannan magunguna, kuma na lura cewa matsalar ta fara ne tun daga baki. Muna cewa "ƙwayar cuta" ga halittu da dama waɗanda ba su da dangantaka da juna, a kemis kuma kalma ɗaya ce ta mamaye komai, wato "infekshan". Mace ta ji ƙaiƙayi, infekshan ne. Yaro yana tari, infekshan ne. Mutum ya ji ciwon mara, infekshan ne. Kuma duk maganinsu ɗaya, a ba da antibayotik. Alhali bakteriya daban take, bairos daban yake, naman gwari mai jawo makero da wasu nau'o'in ƙaiƙayi daban yake, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma wata halitta ce ta daban. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Duk da ƙanƙantarta, wadda ta kai a jera ɗaruruwanta kafin su cika milimita ɗaya, tana da bango da ya kewaye ta, tana ci, tana haɗa furotin ɗinta, tana rabuwa biyu ta hayayyafa. Bairos kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba shi da komai sai ɗan sinadarin gado a cikin kwanson furotin. Ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ya mayar da ita masana'antarsa. Taifod, kwalara, tarin fuka, mashaƙo, ciwon sanyi da tunjere duk aikin bakteriya ne. Mura, ƙyanda, farankama, shan inna, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C da zazzaɓin Lassa duk aikin bairos ne.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin komai, domin maganin antibayotik yana aiki ne ta hanyar dukan wani sashe da bakteriya ke da shi wanda jikinmu ba shi da irinsa. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksilin da seftiriyakzon, suna hana bakteriya gina bangonta, sai ta kumbura ta fashe. Mu kuwa ƙwayoyin halittar jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin yake wuce su. Tetrasaikilin da jentamaisin da eritromaisin suna toshe injinan da bakteriya ke haɗa furotin da su, waɗanda ƙirarsu ta bambanta da namu. Sifro yana hana ta kwafe sinadarin gadonta, Septrin kuma yana tare mata hanyar haɗa wani sinadari da ba ta iya rayuwa sai da shi. Bairos ba shi da bango irin wancan, ba shi da injin haɗa furotin nasa na kansa, saboda haka wanda ya sha amoksilin don mura ya harba kibiya ne inda babu abin harbi. Murar za ta tafi da kanta bayan mako guda ko kwana goma kamar yadda ta saba, shi kuwa ya yaba wa kafso. Sai dai kibiyar ba ta faɗi a banza ba, domin ta sami dubban miliyoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a hanjinsa, ta kashe masu rauni, ta bar masu taurin kai.

Idan mutum ya duba tarihi zai ga cewa waɗannan magunguna ba su daɗe a hannun ɗan Adam ba. A 1910 ne Paul Ehrlich a Jamus, tare da abokin aikinsa ɗan Japan Sahachiro Hata, suka fito da Salvarsan don maganin tunjere, kuma a 1935 Gerhard Domagk ya bayyana Prontosil, wanda shi ne kakan magungunan salfa. Labarin da ya fi shahara shi ne na Alexander Fleming, wanda a watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu ya tarar fumfuna ta tsiro a ɗaya daga cikin farantansa a asibitin St Mary's da ke Landan, kuma bakteriyar da ke kusa da fumfunar ta narke. Fili ne irin wanda na gani a farantin Kawu. Amma Fleming bai iya tace sinadarin da yawa ba, sai bayan fiye da shekara goma Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a jami'ar Oxford suka mayar da shi magani, wato fenisilin. Wanda ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, wanda aka yi wa allurar fenisilin a watan Fabrairu na 1941 bayan ciwo ya cinye masa fuska har ya rasa ido ɗaya. Cikin kwana guda zazzaɓinsa ya sauka, ya fara cin abinci. Maganin ya yi ƙarancin da har sai da ake tara fitsarinsa ana kai wa ɗakin gwaji a sake tace fenisilin ɗin da ya fita a mayar masa. Bayan kamar kwana biyar maganin ya ƙare, ciwon ya dawo, ya rasu a watan Maris. Abin da aka tace daga fitsarin mutum saboda daraja, yau shi ne mai talla yake yawo da danginsa a cikin kwali a tashar mota, rana tana dukansa, ana sayar da shi ƙwaya biyu-biyu.

Bijirewar ma ba sabon abu ba ne. Tun a 1940, kafin a fara ba marasa lafiya fenisilin, Edward Abraham da Chain sun gano cewa akwai bakteriyar da ke fitar da wani sinadari mai tsinka maganin. Fleming kansa, a jawabin karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa lokaci zai zo da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, kuma wanda bai sani ba zai sha abin da bai kai ƙima ba, ya koya wa ƙwayoyin jikinsa juriya. Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa noma. Bakteriya irin ta Kawu, idan ta sami yanayi mai kyau, tana rabuwa biyu duk minti 20, wato ƙwaya ɗaya tana iya haura miliyan 2 cikin awa 7. A cikin wannan taro ba a rasa 'yan ƙalilan da suka zo da ɗan canji a sinadarin gadonsu, wanda ya sa magani ba ya cinsu sosai. Idan aka zuba magani sai ya kashe sauran ya bar musu fili, kamar manomin da ya yi feshi ya kashe duk ciyawa ban da iri ɗaya, baɗi ya tarar ita kaɗai ta cika gonar. Wasu suna tsinka maganin, wasu suna tofar da shi waje da zarar ya shiga, wasu kuma suna canza fasalin wurin da yake kamawa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne bakteriya tana iya miƙa wa maƙwabciyarta wannan dabara a cikin wani ɗan zoben sinadarin gado, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma zobe ɗaya yana iya ɗauke da kariya daga magunguna da yawa a lokaci guda. Shi ya sa a takardar Kawu har da maganin da bai taɓa sha ba aka rubuta wa R.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da na sha ji, har a bakin masu ilimi, cewa wai "jikina ya saba da maganin". Jikin mutum ba shi ne ke bijirewa ba, ƙwayar ce, kuma ƙwaya ba ta zama a jikin mutum ɗaya. Tana fita a bayan gida, ta shiga kwata, ta bi ruwan sama zuwa rijiya, ta hau hannun da bai ga sabulu ba ta shiga kwanon tuwo. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa haɗiyar komai ba sai nono, yana iya kamuwa da ƙwayar da wani ya horar da kafsonsa. A watan Janairu na 2022 mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa wani babban bincike da ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya mai bijire wa magani, adadin da ya zarce na ƙanjamau, ya kuma zarce na zazzaɓin cizon sauro a wannan shekara. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, inda aka sami kusan mutum 27 a cikin kowane 100,000.

Ba na son in ɗora laifin duka a kan mai saye ko mai kemis, domin na san abin da ke kai mutum can. Wanda kuɗin gwaji ya fi ƙarfinsa, kuma asibitin da ke da ɗakin shuka ƙwayoyi yana nesa da garinsu, ba shi da zaɓi mai yawa, kuma a ƙauyuka da dama rashin samun antibayotik a kan lokaci yana kashe yara masu ciwon huhu kamar yadda yawan shansa yake ɓarna a birni. Amma akwai ɗabi'un da ba talauci ne ya kawo su ba. Akwai matar da ke shan kafso bayan kowace al'ada don "wanke ciki", akwai wanda ke haɗiyar Ampiclox don ya sha ruwan da bai yarda da shi ba, akwai mai fasa kafso ya barbaɗa garin a kan gyambo, akwai kuma uwar da ke ba yaro Flagyl da tetrasaikilin duk lokacin da ya yi gudawar haƙori, alhali mafi yawan gudawar yara bairos ne ke kawo ta, kuma abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Tetrasaikilin ma yana ɓata launin haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba har abada. Haka nan batun taifod, wanda ya zama ruwan dare: da yawa daga cikin waɗanda aka ce suna da shi, gwajin Widal kaɗai aka yi musu, gwajin da kan nuna alama ko da mutum ya daɗe da warkewa ko wani ciwo ne daban ke damunsa, sai a ɗora su a kan sifro ko allurar seftiriyakzon. A lardin Sindh na Pakistan an ga ƙarshen irin wannan hanya a 2016, lokacin da wani nau'in taifod ya ɓulla wanda ya gagari kusan dukkan magungunan da aka saba ba da su. Masu kiwon kaji da shanu su ma suna da nasu kaso, domin ana zuba waɗannan magunguna a ruwan sha da abincin dabbobi ba don suna ciwo ba, kuma a 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano, a jikin aladu, ƙwayoyin da ke yaɗa juriya ga kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa don ranar da komai ya gaza.

Tarin fuka shi ne ya fi nuna abin da katse magani ke jawowa. Robert Koch ya bayyana ƙwayarsa ranar 24 ga Maris, 1882, amma sai a 1943 aka sami sitireftomaisin, maganin farko da ya ci ta, kuma ba a jima ba aka ga cewa idan aka ba da shi shi kaɗai ƙwayar tana bijirewa cikin 'yan watanni. Daga nan aka koyi haɗa magunguna. Yau ana ba da iri huɗu na wata biyu, sannan iri biyu na wata huɗu, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Matsalar ita ce mutum yana jin sauƙi tun a makonnin farko, tari ya lafa, jiki ya fara dawowa, sai ya ga babu dalilin ci gaba da haɗiyar ƙwayoyin da ke mayar masa da fitsari ja. Idan ya daina a wata na biyu ko na uku, waɗanda suka rage a huhunsa su ne mafi taurin kai, kuma su ne zai tofa wa iyalinsa.

Maganin bairos labarinsa daban ne, kuma ya zo a makare saboda dalili mai ƙarfi. Tunda bairos a cikin ƙwayar halittarmu yake ɓuya, kuma da kayan aikinmu yake hayayyafa, da wuya a buge shi ba tare da an bugi mai gidan ba. Sai masana suka riƙa neman ɗan abin da ya keɓanta da shi. Misalin da nake sha'awa shi ne asaikulobiya, maganin ƙurajen hafis da na ciwon da kan fito a gefe ɗaya na jiki ga wanda ya taɓa yin farankama, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion, wadda ta sami kyautar Nobel a 1988. Wannan magani yana shiga jiki a kwance, ba ya komai, sai ya isa ƙwayar halittar da bairos ya shiga, inda wani sinadarin bairos ɗin da kansa yake tayar da shi, daga nan ya toshe masa hanyar kwafe kansa. Saboda irin wannan keɓancewa ne maganin bairos ɗaya ba ya aiki a kan wani, ba kamar antibayotik ba da guda ɗaya kan ci bakteriya iri-iri. Lokaci ma yana da muhimmanci: oseltamibiya na murar infuluwenza ya fi amfani cikin awa 48 na farko, ribabirin da ake ba masu zazzaɓin Lassa, ciwon da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ana so a fara shi a kwanakin farko, haka kuma maganin kariya ga wanda ya yi mu'amalar da ake tsoron ta haɗa shi da ƙanjamau dole a fara shi kafin awa 72 ta cika.

Ƙanjamau ya maimaita darasin tarin fuka kusan kalma da kalma. A 1987 aka amince da wani magani mai suna AZT a Amurka, mutane suka ɗan farfaɗo, sannan bairos ɗin ya canza kama ya kuɓuce. Sai a 1996, da aka fara haɗa magunguna uku a lokaci guda, ciwon ya tashi daga hukuncin kisa ya koma lalurar da ake rayuwa da ita. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana mai ɗauke da magunguna uku, kuma wanda ya riƙe ta har bairos ɗin ya daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya, mai juna biyu kuma tana iya haifar ɗa lafiyayye. Sai dai maganin yana danne bairos ɗin ne, ba ya fitar da shi, haka ma maganin tenofobiya a ciwon hanta nau'in B, don haka wanda aka ruɗa ya ajiye maganinsa saboda wani ya ce ya warkar da shi ya koma gidan jiya, wataƙila ma da bairos ɗin da maganin farko ba zai ƙara ci ba. Nau'in C ne aka yi wa cikakkiyar nasara: tun fitowar sofosbubiya a 2013, haɗin magunguna na mako 12 yana warkar da fiye da 95 cikin 100, kuma Masar, wadda a da take cikin ƙasashen da ciwon ya fi yi wa katutu, ta gwada miliyoyin jama'arta ta ba su magani har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023 a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da shi. Ga ƙyanda da shan inna kuwa babu ƙwayar da ke kashe su, allurar rigakafi ce ta tare su, kamar yadda ta shafe agana daga doron ƙasa a 1980.

A kwanakin da na yi jinyar Kawu ne na fara lura da wani ɓangare na wannan yaƙi da ba a cika magana a kansa ba, wato kashe ƙwayoyin tun suna waje, kafin su shiga jiki. A can ba a buƙatar dabarar bambance bakteriya da jikin mutum, saboda haka makaman sun fi kaifi. A 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis a birnin Biyana ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwa bayan sun fito daga fiɗar gawa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin 'yan watanni, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda da shi. Bayan shekara 20 Joseph Lister a Glasgow, wanda ya karanta binciken Louis Pasteur, ya fara tsabtace raunuka da kayan tiyata da sinadarin kabolik. Abin da ake yi yau ya ginu ne a kan wannan tushe, kuma matakai ne daban-daban. Sabulu da ruwa suna ɗaye ƙwayoyin daga fata. Sifirit mai ƙarfin 70 cikin 100 ya fi tsantsarsa kisa, domin ruwan da ke ciki yana taimaka masa ratsa ƙwayar kafin ya bushe. Bilic na ƙasa ne da bayan gida da kayan aiki, ba na rauni ba. Ruwan sha idan ya tafasa sosai na minti ɗaya ya isa ya kashe ƙwayar kwalara da taifod, madara kuma ana ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 a masana'anta. Amma akwai bakteriya irin ta tetanos da kan dunƙule kanta cikin ƙwanso mai tauri wanda tafasawa ba lallai ta fasa shi ba, shi ya sa ake cewa a yanke cibiyar jariri da sabuwar reza, a bar shafa mata toka ko wani abin da ba a san tsabtarsa ba, kuma shi ya sa kayan tiyata ba a wadatuwa da dafa su a tukunya.

Kafin a sallame mu na sake leƙawa ɗakin gwajin don in yi wa ma'aikacin nan godiya, sai na tambaye shi inda farantin Kawu ya kwana. Ya nuna mini wata babbar tukunyar ƙarfe a lungu, mai murfi da ƙugiyoyi da agogon awo a kanta, wadda ke turara kaya da tururi mai matsi. Ya ce duk farantin da aka gama karantawa nan yake shiga kafin a fitar da shi shara, a digiri 121, na aƙalla minti 15, kuma akwai wani ɗan tef da suke liƙawa wanda layukansa ke komawa baƙi idan zafin ya kai. Ƙwayar da ta gagari magunguna shida ba ta da wata dabara a cikin wannan tukunya. Ya ƙara da cewa damuwarsu ita ce wutar lantarki, domin idan aka ɗauke a tsakiyar aiki sai an jira an tayar da janareto a sake daga farko.

Kawu ya warke bayan mako guda na allura, aka kuma tura shi wajen likitan mafitsara don a duba abin da ke hana fitsarinsa fita duka, wanda shi ne ya ba ƙwayar wurin zama tun farko. Takardar sakamakon tana nan a aljihun gaban rigarsa, ya ninke ta huɗu tare da katin asibiti. Ranar da na je gaishe shi na tarar ya baza ta a kan tabarma yana nuna wa wani tsohon abokin aikinsa, yana bin layukan da yatsa yana ƙirga masa R ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa abokin yana riƙe da kafso biyu masu ja da baƙi da ya sayo a hanya saboda mura.